Shinkafa, ƙwai da albasa: wane tsarin tankaɗe abinci ne ya yarda da su, wanne ya hana?

Duk wanda ya taɓa neman jerin abincin da aka yarda a ci a tsarin ƙaurace wa abinci ya san ruɗanin da ke ciki. Jeri na farko ya ce kai da shinkafa sai bayan kwana talatin. Na biyu ya ce ai ita ce ma za ta riƙe ka. Wannan ya ce ka cika tukunya da albasa da tafarnuwa tunda daga ƙasa suka fito, wancan ya ce su ne farkon abin da za ka kora daga kicin. Ƙwai kuwa, a wani tsarin kusan kullum da shi ake karya kumallo, a wani ko kusa da shi ba a zuwa. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Kowane tsari da ɓarawon da yake nema, kuma wanda yake zargi shi yake tsarewa.

Dabarar kanta tsohuwa ce. Tun a shekarun 1920 wani likita ɗan Amurka, Albert Rowe, yake sa marasa lafiyarsa su daina cin wasu abubuwa na ɗan lokaci, in sun samu sauƙi sai a riƙa dawo da su ɗaya bayan ɗaya har a kama wanda ke tayar da ciwon. Tankaɗe da rairaya ke nan, amma a kan faranti. Abin da aka ƙara daga baya shi ne sharaɗin cewa duk abin da ya rage a farantin ya zama yadda Allah ya yi shi: nama a namansa, ganye a ganyensa, ba abin da ya bi ta masana'anta aka cakuɗa shi da abubuwa goma sha ba. Amfanin wannan sharaɗi na lissafi ne. In ka ci biskit ɗaya cikinka ya kumbura, wa za ka zarga? Alkama, ko madarar gari, ko waken soya, ko abin zaƙin da aka zuba? In kuwa dafaffen karas ka ci, wanda ake tuhuma ɗaya ne tak.

Kada dai a ɗauka cewa duk abin da bai shiga masana'anta ba lafiya lau ne ga kowa. Dokar Amurka ta lissafa abinci tara da suka fi jawo alaji, waɗanda dole a rubuta su a jikin kwali: madara, ƙwai, kifi, dangin jatan lande da ƙaguwa, gyaɗa, ƙwayayen itatuwa irin su yazawa da almon, alkama, waken soya, sai riɗi da aka ƙara daga farkon 2023. Duba jerin da kyau, babu ko ɗaya da inji ya ƙera.

Tsare-tsaren da aka fi bi

Wanda ya fi suna shi ne Whole30, da Melissa Urban da Dallas Hartwig suka fito da shi a Amurka a 2009. Kwana 30 ne cur ba hatsi ko wane iri, ba wake da danginsa, ba madara, ba giya, ba sukarin da aka ƙara, na gaske ne ko na roba. An yarda da nama, kifi, ƙwai, kayan lambu, 'ya'yan itatuwa, ƙwayayen itatuwa da mai. Yana da dokoki biyu da ba su shafi ciki ba, sun shafi hali: ba a hawa sikeli a tsawon kwanakin, kuma ba a haɗa kek ko fanke na dabara da kayan da aka halatta. Ba daga asibiti ya fito ba, ba kuma don wata cuta takamaimai aka yi shi ba.

Na biyu shi ne AIP, wanda aka yi don masu cututtukan da garkuwar jiki ke juyowa ta yaƙi mai ita. Ya ɗauki kusan duk hanin Whole30, sannan ya ɗora: ba ƙwai, ba ƙwayayen itatuwa, ba irin da ake ci kamar riɗi, ba kofi, ba kokon da ake yin cakulan da shi, ba tumatir da duk danginsa. Shi ne mafi tsanani a cikin tsare-tsare huɗun da za mu duba, nesa ba kusa ba.

Na uku shi ne tsarin rage FODMAP, wanda Peter Gibson da Sue Shepherd suka assasa a Melbon ta Ostareliya, kuma jami'ar Monash ce ke ci gaba da auna abinci dominsa. Sunan ya fara fitowa a 2005, kuma haruffan farko ne na wasu nau'o'in sukari da ƙaramin hanji ba ya tsotse su yadda ya kamata. Suna jawo ruwa cikin hanji, in suka isa babban hanji ƙwayoyin bakteriya su far musu su tsimar da su, iska ta taru. Ga yawancin mutane wannan ba komai ba ne. Ga mai ciwon hanjin nan da likitoci ke kira IBS, wanda hanjinsa ke jin zafi da zarar ya ɗan buɗe, shi ne murɗar ciki da kumburi da gudawa ko taurin bayan gida. Mako 2 zuwa 6 ake yi ana ragewa, daga nan a shiga gwajin dawo da abincin ɗaya bayan ɗaya.

Na huɗu na asibiti ne zalla: cire abinci shida, wato madara, alkama, ƙwai, waken soya, gyaɗa da ƙwayayen itatuwa, sai kifi da sauran naman ruwa. An yi shi ne don ciwon EoE, inda wasu fararen ƙwayoyin jini ke taruwa a bututun da abinci ke bi daga maƙoshi zuwa tumbi, har loma ta riƙa maƙalewa. Likitocin yara a Shikago ne suka wallafa sakamakonsa a 2006. Shi ba ruwansa da ko abinci ya bi ta masana'anta, amma tunda da wuya ka ɗaga kwali ba ka tarar da ɗaya daga cikin shidan a ciki ba, mai binsa yakan tsinci kansa yana dafa komai da hannunsa.

Inda duk suka haɗu

Wurin kaɗan ne, amma ya isa a rayu. Ɗanyen nama da aka dafa a gida, na saniya ne ko na rago ko kaza, ba wanda ya hana. Haka karas, kokwamba, alayyafo da latas. A 'ya'yan itatuwa akwai lemu, abarba da gwanda. Man zaitun, gishiri, citta da kurkum duk sun wuce. Dankalin Hausa ma ya wuce, sai dai a tsarin FODMAP ana tsayawa kan kamar rabin kofi a zama ɗaya. Kifi ya samu ƙuri'a uku, tsarin abinci shida ne kawai ya ƙi shi. Wanda bai riga ya yanke shawara ba zai iya cika firijinsa da waɗannan ba tare da ya yi asara ba.

Naman da aka sarrafa kuwa, irin su sosej da naman gwangwani, a nan ake faɗawa rami. Da wuya ka samu wanda babu sukari, ko garin alkama, ko furotin na soya, ko garin albasa a cikinsa. Haka dunƙulen sinadarin ɗanɗano da garin kayan ƙamshi da aka riga aka haɗa. Duk tsarin da ka ɗauka, karanta bayan kwali ya zama maka aiki.

Inda suka rabu

A fara da hatsi. Whole30 da AIP sun yi musu kuɗin goro: shinkafa, masara, gero, dawa, alkama, sha'ir, duk waje. Ni a ganina wannan ne wurin da suka fi rauni. Shinkafa tana cikin abincin da ba kasafai suke tayar wa mutum da komai ba, shi ya sa ma a tsarin asibiti mafi tsanani, wanda ake barin mara lafiya da abinci 'yan ƙalilan, shinkafa da naman rago ne aka saba bari. Tsarin FODMAP ya yarda da shinkafa da garin masara da gero, alkama da sha'ir ne yake ragewa. Tsarin abinci shida ma alkama yake nema. To in burinka ka gano abin da ke damun cikinka, cire shinkafa wahala ce da da wuya ta ƙara maka wani sani. Abin da za ta ƙara maka shi ne yunwa da kasala a makon farko, musamman in aikin ƙarfi kake yi.

Maganar alkama tana buƙatar a ɗan zauna, domin a nan mutane da yawa ke kama wanda ba shi ya yi satar ba. Alkama tana ɗauke da abu biyu da ake zargi. Akwai gulutin, furotin ɗin da ke sa ƙullin burodi ya yi danƙo. Akwai kuma furuktan, wani sukari mai sarƙa da ke cikin rukunin FODMAP. Mutum ya daina cin burodi da taliya, cikinsa ya lafa, sai ya yanke hukunci cewa gulutin ne. A 2018 masu bincike a Oslo ta Norwe suka wallafa gwajin da suka yi da mutum 59 da suka ce gulutin ba ya jituwa da su alhali ba su da cutar siliyak, wadda gulutin ke sa garkuwar jiki ta yi wa hanji illa. An riƙa ba su gulutin, ko furuktan, ko abin da babu komai a ciki, ba tare da sun san wanne suke ci ba. Furuktan ne ya fi tayar musu da ciki. Gulutin bai wuce abin da babu komai ba. Tun kafin nan, a 2013, wani gwaji a Monash da mutum 37 ya nuna kusan haka.

Me ya sa wannan ke da muhimmanci ga mai zaɓen tsari? Saboda furuktan ɗin da ke cikin alkama shi ne ke cikin albasa da tafarnuwa, kuma a cikinsu ya fi yawa. Whole30 da AIP sun ba albasa da tafarnuwa hanya, har ma sun dogara da su don abinci ya yi daɗi tunda an cire komai. Ka ɗauki mai IBS da ya shiga Whole30 da kyakkyawar niyya. Ya bar burodi da madara da wake, wanda hakan zai taimake shi. Sai ya cike gurbin da soyayyar albasa, da yazawa in yunwa ta taso, da tuffa da mangwaro da kankana da dabino in kwaɗayin zaƙi ya motsa, da fiya a kan komai. Duk waɗannan halal ne a Whole30, kuma duk suna cike da sukarin da hanjinsa ba ya so. An gudu ba a tsira ba. Bayan kwana 30 zai ce abinci ba shi ne matsalarsa ba, alhali tambayar ce ba a yi daidai ba.

Mai bin tsarin FODMAP da ba ya iya cin girki ba ƙamshin tafarnuwa yana da mafita. Furuktan a ruwa yake narkewa, ba ya narkewa a mai. Sai a soya tafarnuwa a mai, a tsame ta a yar, a yi girki da man: ƙamshin ya shiga, sukarin bai shiga ba. Amma in aka jefa ta a romo aka tsame, an makara, ta riga ta saki abin da ke cikinta. Koren ganyen albasa ma an yarda da shi, farin gindin ne ake gudu.

Ƙwai ya raba su biyu da biyu. Whole30 da tsarin FODMAP sun yarda, domin babu sukari a cikinsa. AIP da tsarin abinci shida sun hana, domin furotin ɗinsa suke zargi. Wanda ke zargin cewa ƙuraje ko ƙaiƙayin da ke damunsa daga ƙwai ne, ya shiga Whole30, to zai ƙare yana cin wanda yake tuhuma sau biyu a rana.

Madara kuwa kowa ya hana ta, amma abin da kowa yake nufi daban ne, kuma bambancin ba ƙarami ba ne. Tsarin FODMAP sukarin madara kawai yake gudu, wato laktos, wanda kusan kashi biyu cikin uku na manyan mutanen duniya ba sa narkar da shi sosai. Don haka ya yarda da madarar da aka cire wa laktos, da cuku mai tauri da ya daɗe, da man shanu. Tsarin abinci shida furotin ɗin madarar yake gudu, saboda haka madarar da ba laktos ba ta tsira ba, ta akuya da ta tunkiya ma haka, domin furotin ɗinsu ya yi kama da na saniya. Whole30 ya hana duka amma ya keɓe man shanun da aka narkar aka tace. AIP ko wannan bai bari ba sai an zo matakin dawo da abinci. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne kofi ɗaya na madara yana ba da kalsiyam kusan miligiram 300, babban mutum kuma yana buƙatar wajen 1,000 a rana. Wata guda ba zai karya ƙashin kowa ba. Wata shida ba tare da an nemi madadi ba, a ƙananan kifayen da ake ci da ƙaya ko ganyaye ko ƙwayar magani, wani zance ne.

Gyaɗa da yazawa suna nuna yadda tsare-tsaren ke juya wa juna baya. Whole30 ya hana gyaɗa saboda a tsirrai 'yar gidan su wake ce, ya yarda da yazawa. Tsarin FODMAP ya yarda da gyaɗa, ya hana yazawa. Sauran biyun sun kori dukkansu. Wake kansa, Whole30 da AIP ba sa so. Tsarin FODMAP yana barin ɗan kaɗan in na gwangwani ne aka wanke shi sosai, tunda wani ɓangare na sukarin ya fita cikin ruwan. Tsarin abinci shida waken soya kawai ya sani. Daga 2022 Whole30 ya fito da wani reshe na masu ƙin nama wanda ya halatta wake da soya, abin da ke nuna cewa hanin ma bai kai yadda ake ɗaukarsa ba.

Sai dangin tumatir: tumatir, tattasai, barkono, yalo da dankalin turawa. AIP ne kaɗai ya kore su gaba ɗaya, da hujjar cewa wasu sinadarai da ke cikinsu na iya tsokanar hanji da garkuwar jiki, hujjar da ba ta samu ƙwaƙƙwaran gwaji a jikin mutane ba. Whole30 da farko ya hana dankalin turawa, ya dawo da shi a 2014. A aikace wannan hani na AIP shi ne ya fi ciwo a tukunya. Ka cire tumatir da barkono, ka cire masoro, ka cire duk kayan ƙamshin da daga iri aka samo su, abin da ya rage maka citta ne da kurkum da kirfa da ganyaye masu ƙamshi. Ana iya girki da su, amma sai an sake koyo.

Zaƙi ma da abin dariya a ciki. Whole30 ya hana sukari da zuma duka. AIP ya hana farin sukari, ya bar ɗan zuma. Tsarin FODMAP ya bar farin sukari daidai misali, ya sa wa zuma ido saboda a cikin nau'o'in sukari biyu da ke cikinta, furuktos ya rinjayi gulukos. Wato abin da kudan zuma ya yi shi ne abin zargi, wanda masana'anta ta tace shi ne mai gaskiya. Ayaba ma tana sauya matsayi: in tana da ɗan tauri ta wuce, in ta nuna luguf furuktan ɗinta ya ƙaru. Kofi kuwa AIP ne kawai ya hana shi. Wanda ya saba sha kullum ya sani cewa daina shi farat ɗaya na kawo ciwon kai na kwanaki, kada ya ɗora laifin a kan wani abu.

To wanne za a ɗauka?

Amsar tana ga abin da ke damunka. In kumburin ciki ne da iska da murɗa da sauyin bayan gida, kuma likita ya duba bai ga wata cuta ba, tsarin FODMAP ne ya fi sauran hujja. An gwada shi a ƙasashe da dama, kimanin rabi zuwa kashi uku cikin huɗu na masu IBS suna samun sauƙi, kuma ƙungiyar likitocin ciki ta Amurka ta sa shi cikin shawarwarinta na 2021 a matsayin gwaji na ɗan lokaci. Wahalarsa ita ce lissafin yawa: abu ɗaya yana iya zama daidai a cokali biyu, ya zama matsala a kofi guda. Kuma ba a zama a kansa, domin sukarin da ake ragewa shi ne abincin bakteriya masu amfani a hanji, an kuma ga suna raguwa in aka daɗe.

In loma ce ke maƙale maka, ba maganar zaɓe a gida. Sai an zura na'ura mai kyamara an tsinko ɗan nama an duba, kuma haka za a riƙa yi duk lokacin da aka dawo da wani abinci, domin mutum na iya jin sauƙi alhali kumburin yana nan. A nan ma akwai darasin da ya shafi kowa. A 2023 an wallafa gwajin da aka yi a Amurka da manya 129 masu EoE: an cire wa wasu madara kaɗai, wasu an cire musu duka shidan. Bayan mako 6, kashi 34 cikin ɗari na 'yan madara kaɗai sun samu lafawa, na 'yan shida kashi 40. Tazarar ba ta kai a kira ta bambanci ba. Shi ya sa likitoci da yawa yanzu suke farawa da ɗaya ko biyu, in bai yi ba sannan a ƙara.

AIP fa? Hujjarsa ƙarama ce. Wani gwaji a Kalifoniya a 2017 ya bi mutum 15 masu ciwon kumburin hanji, 11 suka samu lafawa zuwa mako na 6. Abin ƙarfafa gwiwa ne, amma mutum 15 ne, babu wani rukuni da aka kwatanta su da shi, kuma suna kan magungunansu. Wani ƙaramin gwaji a 2019 da mata masu ciwon Hashimoto na maƙoƙo ya nuna sun ji daɗin jikinsu, amma awon aikin maƙoƙon bai sauya ba. Wanda likita ya tabbatar masa da irin waɗannan cututtuka yana iya gwadawa a gefen magani, tare da masanin abinci. Wanda kawai gajiya yake ji ya ɗauki AIP, ya ɗebo da zafi ne ba gaira ba dalili.

Whole30 ya fi dacewa da wanda ba shi da wata cuta da aka sa wa suna, amma ya san lemon kwalba da biskit da abincin leda sun yi masa yawa, yana son ya tsaya ya ga yadda jikinsa zai kasance babu su. Dokokinsa a fili suke, ba awo ba lissafi, kuma yana koya wa mutum karanta kwali da shiga kicin. A matsayin mai bincike kuwa hannunsa na da nauyi. In ka ji sauƙi bayan ka bar abu biyar a tare, ka kuma ƙara barci da shan ruwa, ba ka san wanne ya yi aikin ba sai ka bi matakin dawowa da haƙuri.

Akwai zaɓi na biyar da ba shi da suna, kuma ni shi nake fara ba mutum shawara. In ka riga kana zargin abu ɗaya, ka ce duk ranar da ka sha madara sai cikinka ya yi ƙugi, to cire shi kaɗai na mako 2 zuwa 4, ka bar sauran abincinka yadda yake. In ka canza abu ɗaya, duk abin da ya faru ka san daga ina ya fito.

Kafin a fara ko wanne, akwai abubuwan da ba a tsallakewa. Wanda zai bar alkama ya fara yin gwajin jini na cutar siliyak, wadda ke kama kusan mutum ɗaya cikin ɗari. Gwajin yana neman martanin jiki ga gulutin ne, in ka riga ka daina ci sai ya fito ba komai alhali cutar tana nan, kuma sai ka koma ci na makonni kafin a sake. Wanda abinci ya taɓa kumbura masa leɓe ko fuska, ko ya shaƙe masa numfashi, ko ya fito masa da borin jini nan take, ba ya gwada dawo da wannan abincin a gida, domin karo na gaba na iya zama na rai. Jini a bayan gida, ramewa ba dalili, ƙarancin jini, gudawar da ke tada mutum cikin dare, waɗannan na asibiti ne. Mai juna biyu, mai shayarwa, yaro mai tasowa da wanda ya taɓa fama da ciwon ƙin cin abinci, ba su shiga sai da mai kula da su. Ga yara masu ƙyasbi da ƙaiƙayin fata akwai ƙarin haɗari: an ga waɗanda aka daɗe da cire musu abincin da suke ci lafiya, da aka dawo da shi sai ya tayar musu da alaji mai tsanani. Mai ciwon sukari da ke allurar insulin kuwa, in ya yanke hatsi rana ɗaya ba a gyara masa awon magani ba, sukarinsa na iya faɗuwa ƙasa warwas. Gwajin jinin nan na IgG da ake tallatawa da sunan zai lissafa maka abincin da ba ka jituwa da su, ƙungiyoyin likitocin alaji na Amurka da Turai sun ce kada a dogara da shi. Abin da yake nunawa galibi shi ne abincin da ka saba ci.

Dawo da abinci shi ne ainihin aikin, kuma a nan aka fi yin sakaci. Mutum ya gama kwana 30, a rana ta 31 ya zauna ya ci burodi da cuku da kek, washegari ya tashi ba lafiya, bai san komai fiye da ranar da ya fara ba. Abu ɗaya ake dawowa da shi a lokaci guda. A tsarin FODMAP ana ɗaukar kwana uku kan abu ɗaya, ana ƙara yawansa kullum, sannan a huta kwana biyu ko uku kafin na gaba. Ana kuma zaɓen abin gwajin da nau'in sukari ɗaya ke cikinsa: madara don laktos, zuma don furuktos, tafarnuwa don furuktan. Tuffa ba ta yi wannan aikin ba, domin tana ɗauke da iri biyu, in ta tayar maka ba ka san wanne ba. Whole30 yana ware aƙalla kwana 10, rukuni ɗaya a rana, sai a koma tsari kwana biyu ko uku. AIP yana farawa da waɗanda ba a cika zargi ba, irin su ƙwanduwar ƙwai da tataccen man shanu, ya bar hatsi da tumatir sai can gaba.

A riƙe littafi. A rubuta abin da aka ci da yawansa da lokacin, da abin da aka ji, da yadda aka yi barci, da ko akwai damuwa a ranar, mace kuma ta sa ranakun al'adarta, domin duk waɗannan suna motsa hanji ko ba a ci komai ba. In abu ya tayar maka sau ɗaya, ka sake gwada shi bayan wani lokaci kafin ka yanke masa hukunci, domin wanda ya ci abu yana jiran ciwo sau da yawa yakan ji shi. Galibi kuma amsar da ke fitowa ta yawa ce: rabin kofin madara ya zauna lafiya, kofi biyu ya tada ƙura.

In kuwa an yi mako 6 ana bin tsari tsakani da Allah babu abin da ya sauya, kada a ƙara cire wasu abubuwan da fatan za a dace. A dawo da abincin duka, a ɗauki littafin nan a kai wa likita.